Kan Gida da Totem: Sharhi a kan Fassarar Wata Kalma da Tasirinta ga Nazarin Al'adun Ƙasar Potiskum

1.0 Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun daɗe suna fassara kalmar totem da kan gida, har fassarar ta zauna daram ba a tuhumarta. Sai dai kalmar da ake fassarawa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A littattafan Turawa na farkon ƙarni na 20 tana nufin dabbar da wata zuriya ta gada. A littattafan masu farfaɗo da addinan gargajiya a Amurka da Turai kuwa, ta koma tana nufin dabbar da mutum ɗaya yake nemo wa kansa ta hanyar mafarki ko halwa. Wannan maƙala za ta yi sharhi a kan waɗannan rubuce-rubuce iri biyu, ta auna su da abin da harshen Hausa yake nunawa, sannan ta dubi illar cakuɗa su ga mai bincike a ƙasar Potiskum ta Jihar Yobe, inda Hausa ce gadar da ake bi a kai ga wasu harsuna.

2.0 Asalin Kalmar

An samo kalmar totem daga harshen Ojibwe, wata al'umma ta 'yan asalin Amurka ta Arewa. A wurinsu kalmar ta dangantaka ce: tana nuni ga zuriyar da mutum ya fito ta wajen uba, wadda ake kira da sunan wata dabba ko tsuntsu ko kifi, kuma 'yan zuriya ɗaya ba sa auren juna. Ban da wannan, suna da wata al'ada dabam, inda matashi kan keɓe ya yi azumi domin ya sami wani ruhi majiɓinci nasa shi kaɗai.

Wani ɗan kasuwa kuma tafinta Bature, John Long, shi ya shigar da kalmar cikin Ingilishi a littafinsa na 1791, amma ya haɗa al'adun biyu ya kira su da suna ɗaya. McLennan ya gina ra'i a kan kalmar a 1869, Frazer ya faɗaɗa shi a Totemism and Exogamy na 1910 mai juzu'i 4. A wannan shekarar ce Goldenweiser ya nuna cewa siffofin da ake tarawa a ƙarƙashin kalmar, wato sunan dabba da haramcin cinta da hana aure tsakanin 'yan zuriya da da'awar asali daga dabbar, ba lalle ne a same su tare a al'umma ɗaya ba. Lévi-Strauss ya ƙarasa aikin a 1962, ya bayyana kuskuren Long, ya kuma yi hujja da cewa al'ummu na amfani da bambancin dabbobi ne domin su fayyace bambancin da ke tsakanin rukunonin mutane. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane: kalmar ta shigo fagen ilimi da ruɗani a cikinta.

3.0 Kan Gida a Rubuce-rubucen Turawa

Palmer ya wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar Man a 1910 a kan abin da ya ɗauka ɓurɓushin wannan aƙida ne a ƙasar Hausa. Tremearne ya biyo baya da The Ban of the Bori a 1914. Amfanin waɗannan ayyuka a fili yake, domin sun taskace bayanai a lokacin da masu yin al'adar suke da yawa. Amma suna da rauni iri biyu. Na farko, marubutan sun zo da ma'aunin Frazer a hannu, suna neman abin da zai cika shi. Duk dabbar da aka ce wani gida ba ya ci, sai a lissafa ta a matsayin saura daga wani tsohon mataki na addinin ɗan Adam. Na biyu, yawancin bayanan Tremearne a wannan littafi ya tattara su ne daga Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus, waɗanda da dama daga cikinsu bauta ce ta raba su ko iyayensu da gida. Al'adar da ginshiƙinta shi ne zuriya da gona da kufan kakanni, ba ta bayyana sosai a bakin wanda aka raba da waɗannan abubuwa.

Aikin Greenberg ya fi waɗannan inganci. Ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946, da maƙala a kan Musulunci da tsarin zuriya a 1947. Ya nuna cewa bautar iskoki ce cibiyar addinin Maguzawa, kuma tsarin zuriya ta wajen uba yana raunana idan Musulunci ya kafu. Nicolas, a bincikensa na 1975 a kan Annan kwarin Maraɗi, ya ƙarfafa wannan fahimta, inda ya nuna matsayin gado wajen haɗa zuriya da sana'arta da abin bautarta. Darasin da ke cikin waɗannan ayyuka biyu shi ne, dabba ba ita ce tushe ba. Tushen shi ne alƙawarin da ke tsakanin wata zuriya da wani iska, dabbar kuwa siffa ce ko alama ta wannan alƙawari.

4.0 Shaidar Harshe

Kan gida harɗaɗɗen suna ne, daga kai da mahaɗin -n da gida. Babu dabba a cikin ginin kalmar. Gida a nan ba gini ba ne, zuriya ce, kamar yadda ake cewa gidan sarauta ko gidan malamai ko gidan maƙera. Kai kuwa yana ɗauke da ma'anar shugabanci da tushe. Saboda haka kalmar tana nufin abin da zuriya ta dogara a kansa. Ana iya samunsa da siffar maciji ko kada ko wata dabba, kuma a irin wannan hali 'yan gidan ba sa kashe ta, ba sa cin namanta.

Aikatau da wakilan sunan da ke rakiyar kalmar su ma shaida ne. Bahaushe kan ce kan gidanmu ko kan gidansu, kuma ko da ya ce kan gidana, gidan ne nasa, ba kan ba. Ana gadon kan gida, ana riƙe shi, ana yi masa yanka, ana saɓa masa, ana barinsa idan an musulunta. Ba a cewa wane ya gano kan gidansa a mafarki, domin tun yana yaro aka gaya masa abin da ba a ci a gidansu.

Akwai wasu abubuwa uku da suka yi kama da kan gida, waɗanda harshen ya bambanta su da shi:

(a) Iskan bori. Wannan ya shafi mutum ɗaya, kuma wasu iskokin suna da alaƙa da dabbobi, kamar Kure da kura, da Danko da maciji. Amma a nan iska ne mai aikatawa: shi ke kama mutum, yawanci ta hanyar ciwo, a yi girka, sannan ya riƙa hawansa. Mutumin ne ma ake kira doki ko goɗiya.

(b) Rikiɗa. Wannan imani ne cewa wasu mutane na iya komawa kura ko wata dabba. Abin tsoro ne ko abin zargi, ba alamar zuriya ba.

(c) Dabbar kirari. Idan makaɗi ya kira sarki giwa ko zaki ko ɓauna, siffantawa ce ta adabi. Babu haramci a ciki, babu yanka.

Wanda ya tara waɗannan duka ya kira su totem, sannan ya fassara totem da kan gida, ya rushe iyakokin da masu harshen suka gina da kansu.

5.0 Sabuwar Ma'ana

Daga 1980, lokacin da Michael Harner ya wallafa The Way of the Shaman, aka sami yawaitar littattafai masu koya wa mai karatu yadda zai nemo dabbar da ke jiɓintar ruhinsa, ta hanyar sauraron ganga da lumshe ido da bin abin da zuciya ta hasko. Littafin Ted Andrews na 1993, Animal-Speak, ya jera dabbobi da tsuntsaye da ma'anar da ya ba kowannensu. Yau abin ya kai ga tambayoyin wasa a intanet, inda ake amsa 'yan tambayoyi a ce wa mutum dabbarsa kyarkeci ce ko mikiya.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan imanin masu wannan tafarki. Abin da ya shafi manazarcin harshe shi ne, waɗannan littattafai sun ɗauki kuskuren Long suka mayar da shi ƙa'ida. Sun riƙe sunan al'adar zuriya, suka ɗora shi a kan al'adar mutum ɗaya, suka kuma cire wa al'adar nauyinta. Kan gida yana da farashi: akwai naman da ba za a ci ba ko ana yunwa, akwai yankan da ba za a fasa ba, akwai tsoron ciwo ko rashin amfanin gona idan an saɓa. Dabbar da ake nemowa a littafi madubi ce da mai nema yake duba halinsa. Shi ya sa da wuya a ji wanda ya nemo ya samu damo ko gafiya, sai dabbobi masu kwarjini. Wasu 'yan asalin Amurka ta Arewa sun daɗe suna kokawa da wannan aro da ake yi wa al'adunsu ba tare da sanin tushensu ba.

6.0 Matsalar a Ƙasar Potiskum

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Kano da Maiduguri da Bauchi da Gombe, kuma mahaɗar harsuna. Ƙasar ta ƙunshi Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo, ga Fulani da Barebari da Hausawa. An mayar da mazaunin Sarkin Fika garin a 1924, kuma garin ya faɗa cikin Jihar Yobe da aka ƙirƙiro a 1991. Harsunan nan huɗu na farko 'yan Cadi ta Yamma ne kamar Hausa. Bole da Karekare da Ngamo suna reshe ɗaya, Ngizim kuwa tana tare da Bade da Duwai a wani reshen. Meek ya yi rubutu a kan waɗannan al'ummu a 1931, a zamanin da ra'in Frazer bai gama gushewa ba.

Schuh ya fara nazarin Ngizim a Potiskum a 1969, ya fitar da ƙamusunta a 1981. Daga baya shi da Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamusoshin da aka buga a Potiskum a 2004, aka sabunta su a 2009. Waɗannan ƙamusoshi suna ba da ma'ana da Ingilishi da Hausa. Wannan ya dace da halin da ake ciki, domin Hausa ce harshen kasuwa da hulɗa a garin, kuma da ita yawancin ɗalibai suke yin tambayoyin bincike.

A nan haɗarin yake. Ɗalibin da ya karanta totem a littafin Turanci, ko ya tsinci sabuwar ma'anarta a intanet, ya fassara ta da kan gida, ya je wurin dattijon Karekare ko Ngamo ya ce masa mene ne kan gidanku, ya riga ya sa amsar a cikin tambayar. Dattijon zai nemi abin da ya fi kusa a al'adarsa ya ba shi, ko da haramcin abinci ne kawai, ko wurin da kakanni ke girmamawa, ko abin da mai magani ya hana wani majinyaci. Ɗalibin zai rubuta cewa al'ummar tana da kan gida irin na Maguzawa. Ta haka bayani ya bi ta matata biyu, ta Turanci da ta Hausa, kalmar asali kuwa ta salwanta. Kasancewar harsuna 'yan uwan juna ne ba hujja ba ce ta cewa al'adun masu su ɗaya ne.

Akwai kuma batun mutunci. Mafi yawan mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, wasu Kirista. Tambayar da ta zo da ƙamshin zargin tsafi takan sa mai amsa ya musanta abin da ya sani, alhali da an tambaye shi abin da kakanninsa ba sa ci, da ya faɗa ba tare da jin nauyi ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, a keɓe kan gida ga abin da zuriya ta gada a al'adar Hausawa. Gaskiya ne ita ce mafi kusa da ma'anar asali ta Ojibwe, amma kusanci ba daidaito ba ne. Na biyu, idan ana maganar ra'in Frazer da magabatansa, a ari kalmar totem yadda take, a bayyana tarihinta. Na uku, sabuwar ma'anar nan ta mutum ɗaya a ba ta suna mai bayani, kamar dabbar ruhi, kada a raɓa ta da kan gida. Na huɗu, mai bincike a ƙasar Potiskum ya rarraba tambayarsa: wace dabba ce ba a kashewa ko ba a ci a gidan nan? Wa ya hana? Ta wajen uba ake gado ko ta wajen uwa? Mace idan ta yi aure, na gidan wa take bi? Me ake tsoron zai faru idan an saɓa? Yana hana aure tsakanin masu shi? Sannan ya rubuta kalmar da mai amsa ya yi amfani da ita a harshensa, da karin sautinta da tsawon wasulanta, kafin ya nemi fassara.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalma ɗaya ta taso daga Ojibwe da ma'ana biyu a cakuɗe, ta ratsa rubuce-rubucen Palmer da Tremearne, ta sake sabon salo a littattafan zamani. An ga kuma cewa Hausa ta bambanta kan gida da iskan bori da rikiɗa da dabbar kirari. Dattawan da suka san sunayen waɗannan abubuwa a Ngizim da Karekare da Bole da Ngamo suna ƙaranci, jikokinsu da yawa kuwa Hausa suka tashi da ita. Duk kalmar da aka rufe da fassarar aro a yau, da wuya a sami wanda zai gyara ta nan gaba.