Jinjina ga Wakilan Gidajen Haya na Yerwa

Duk wanda Allah ya hore wa 'yar dukiya, ya ƙudurta sayen fili ko gida a Yerwa, wato Maiduguri, domin ya ba da haya, ko a Gwange ne, ko Hausari, ko Mairi inda ɗaliban jami'a ke neman ɗaki, lalle zai tarar cewa bayan taimakon Ubangiji, babu abin da ya fi masa amfani kamar wakili mai amana. Shi ne yake bin asalin fili wurin Bulama da Lawan, ya duba takardun mallaka, ya tsayar da shaidu, ya bayyana kuɗin haya da wa'adinsa kamar yadda malaman fiƙihu suka shar'anta a babin ijara, domin kada husuma ta biyo baya.

Mun ga falalar waɗannan wakilai tun sa'ad da fitina ta riƙa koro bayin Allah daga garuruwan Borno zuwa birni, domin akwai cikinsu waɗanda suka lallashi masu gidaje su yi wa mabuƙata rangwame. Haka kuma da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya ci unguwanni, sun tsaya kan gyaran katanga da magudanai, suna sulhu tsakanin mai gida da ɗan haya.

Saboda haka mai fara wannan harka ya nemi irinsu, ya biya su ladansu cikakke.