Ganuwar Kano a Alƙalamin Ɗalibanmu: Tarke da Shawara

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rubuce-rubucen da ɗalibai suka aiko wa wannan mujalla a bana, akwai waƙoƙi huɗu da gajeren labari ɗaya waɗanda suka ɗauki ganuwar birnin Kano a matsayin jigo. Abin ya faranta mini rai, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu a Sabo ko a zango aka haife su, nesa da ƙasar Hausa, amma ga shi zukatansu sun kai su gindin badala. Sai dai da na gama karanta su duka biyar, na tarar ban ga ganuwar ba. Na ga yabo, na ga kuka, na ga gwanintar amsa-amo, amma jar ƙasar da aka kwaɓa aka tayar da ginin ba ta taɓa hannun ko ɗaya daga cikin marubutan ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta gano inda matsalar take, ta hanyar auna waɗannan rubuce-rubuce da wani tsohon rubutu a kan ganuwar, wato Tarihin Kano. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

2.0 Ganuwar da Ake Magana a Kanta

Kafin a shiga tarke, ya kamata a san abin da ake tarkawa a kansa. Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Lissafin da aka saba amfani da shi ya sa mulkin Gijimasu tsakanin 1095 da 1134. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623). Saboda haka ganuwar gini ce hawa-hawa, kowane zamani da irin tsoron da ya sa shi ƙara ta.

Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 15, ya ambaci gwalalo ciki da waje. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland ta ci birnin, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, kuma Kanawa sun riƙe cewa ta Ƙofar Kabuga aka shiga. Tun daga ranar aikin tsaro na ganuwa ya ƙare. Ginin ƙasa kuwa da yaɓe yake rayuwa. Da aka daina gayyar gyaran da ake yi bayan damina, sai ruwan sama ya soma nasa aikin, masu ɗibar ƙasar gini suka taya shi, masu neman filin gida da na kanti suka biyo baya. A 2007 an sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a gurbinta.

3.0 Yadda Tarihin Kano ya Rubuta Ganuwa

Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi, kuma a kan Sarki Muhammadu Bello ya tsaya, wato wajen ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908. Shekarun mulki da muke ambata ma lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirga tsawon mulkin kowane sarki ana komawa baya, don haka manazarci zai riƙe su da hannu mai taushi. Amma abin da ya dame ni a nan shi ne salon marubucin.

Da ya zo kan Gijimasu, bai tsaya kambama ganuwa da sifofi ba. Ya faɗi inda aka fara ginin, ya faɗi cewa an yanka shanu 100 a ranar farko, ya bi ƙofofin da sunayensu, ciki har da Mazugal da Waika da Kansakali, ya ce takwas ne. Mai karatu na iya ɗaukar wannan jeri ya bi shi da ƙafa. Shanun nan ɗari kuma sun gaya mana abin da sifofi dubu ba za su gaya mana ba: taron da ya yi aikin babba ne, kuma sai da aka ciyar da shi.

Labarin faɗaɗawar zamanin Nazaki ya fi wannan armashi. Sarki ya tafi yaƙi, Wambai Giwa ya tsaya a gida saboda rashin lafiya. Da ya warke sai ya nemi abin da zai yi ya faranta wa ubangidansa rai, aka ba shi shawarar ya ƙara girman birni. Ya tayar da gini ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har zuwa Kansakali, yana ciyar da ma'aikata kullum daga dukiyarsa. Sarki ya dawo ya yi murna. Amma girman da Wambai ya samu ya sa aka fara zargin zai yi tawaye, har aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. A cikin 'yan layuka kaɗan an ba mu tauraro, an ba mu burinsa, an ba mu abin da ya kayar da shi. Ginin da ya yi domin kare birni shi ya jawo masa ido. Wannan ƙashin bayan wasan kwaikwayo ne cikakke, yana nan kwance yana jiran mai ɗauka.

4.0 Rubuce-Rubucen Ɗalibanmu

4.1 Ganuwa a Matsayin Kirari

Waƙoƙi biyu daga cikin huɗun sun bi tafarkin makaɗan fada. A bakin makaɗi, kiran sarki ko jarumi ganuwa siffantawa ce mai ma'ana, domin masu sauraronsa na dā sun san abin da ake nufi da kwana a bayan ƙofar da aka rufe alhali mahara na yawo a daji. Ɗalibanmu sun juya abin: sun ɗauki ganuwar kanta suna kiran ta giwa, suna kiran ta garkuwa, suna kiran ta uwa. Baiti bayan baiti ana ɗora sifa a kan sifa. Na gwada cire sunan Kano daga ɗaya daga cikinsu na sa Zariya, sai na ga babu ɗangon da ya girgiza. Waƙar da za a iya sauya mata gari ba tare da ta ji ciwo ba, ba ta riƙe garin ba tun farko.

4.2 Ganuwa a Matsayin Kuka

Sauran biyun marsiyya ce. Jigonsu shi ne mutanen dā sun gina, mu mun rusa. Ɗaya daga cikinsu ta yi amfani da mutuntarwa, ta mai da ganuwar tsohuwa mai kuka da jikokinta, kuma a nan ne aka sami baitoci mafi daɗi a cikin duka biyar ɗin. Matsalar ita ce waƙar ba ta san wanda take zargi ba. “Mu” ɗin da ta ɗora wa laifi kowa ne, saboda haka ba kowa ba ne. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya bar tsagar? Talakan da ya kankari ƙasar badala domin ya ɗaga katangar ɗakinsa da damina ta kayar, da attajirin da aka yanka wa fili a kan gwalalo, ba laifi ɗaya suka yi ba, kuma adabi ba ya zama adabi sai ya iya rarrabe su. Kukan da bai rarrabe ba yana sanyaya zuciyar marubuci, amma ba ya sosa ta mai karatu.

4.3 Ganuwa ta Aro

Gajeren labarin shi ya fi tayar mini da hankali, ko da yake zubinsa ya ɗaure kuma maganganun taurarinsa suna da rai. Marubucin ya kafa labarinsa a daren da ya gabaci shigar Turawa, ya ɗora tauraronsa a kan wata doguwar hasumiyar dutse yana hangen maƙiya, ya kuma sa aka ja wata gada ta sarƙa aka ɗage ta. Wannan ganuwa daga finafinan Turai ta fito. Ta Kano da ƙasa aka gina ta, gindinta da kauri, tana sirancewa zuwa sama, kuma ta ciki akwai dakalin da mayaƙa ke tsayawa su yi harbi. Ƙofofin kuwa a dā soraye ne masu ƙuncin mashiga, an shigar da wasunsu ciki yadda mai kawo hari zai sha kibiya ta gefe biyu kafin ya isa ƙyaure. A dā, a cikin gwalalo akwai sarƙaƙiyar ƙaya. Mai son hangen nesa yana da Dala da Gwauron Dutse, duka a cikin birni. Idan hasumiya marubucin ke sha'awa, akwai Gobarau a Katsina, ita ma ta ƙasa ce, kuma asalinta ta masallaci ce.

Wani zai ce ƙagaggen labari ba littafin tarihi ba ne, marubuci na da 'yancin ƙirƙira. Haka ne. Amma wanda ya ara daga waje alhali abin da ke gidansa ya fi dacewa da labarinsa, ya yi asara sau biyu. Da tauraron nan a kan badala yake tsaye, ƙafarsa a kan yaɓen da ƙauyensu ya yi bayan daminar da ta wuce, da tsoron da yake ji ya zama namu.

5.0 Abin da Aka Bari a Baya

Dukkan rubuce-rubucen biyar daga cikin birni suke kallon ganuwa. Babu wanda ya tsaya ta waje. Alhali ganuwa fuska biyu gare ta: abin da ya zama kariya ga na ciki, shi ne shamaki ga na waje. Harshenmu ya adana wannan rabo. Muna cewa birni da ƙauye, cikin gari da waje, kuma mun san abin da ake nufi idan aka kira mutum ɗan birni ko baƙauye. A dā, sarkin ƙofa yakan rufe ƙyaure idan rana ta faɗi. Falken da jakinsa ya yi nawa a hanya, ko mai tallar nonon da ta makara, ina suka kwana? Su wa suka ɗauki ƙasar nan a ka, talakawan ƙauyuka da bayi, kuma me suke rerawa suna ɗauka? Zamanin Turawa ya zo ya ƙarfafa rabon, aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa domin baƙi.

A nan ne nake ganin ɗalibanmu suna da abin da ɗan cikin birni ba shi da shi. Wanda ya tashi a Sabon Ibadan ko a Agege ya san yadda ake zama a gefen garin wasu, ya san kallon da ake yi wa baƙo ko da a garin aka yanke masa cibiya. Wannan sani shi ne jarinsa. Abin takaici ne a ce ya ajiye shi, ya ari bakin maroƙin fada.

Shekarun baya na bi ganuwar da ƙafa daga Ɗan'agundi zuwa Kabuga, ta gefen titin Jami'ar Bayero. A wani wuri ta fi ni tsayi nesa ba kusa ba, a wani wurin ta zama tudun da awaki ke hawa, a wani kuma sai dai tsoho ya nuna maka da sanda ya ce nan ta bi. Na ga yara sun fafe hanya ta cikinta domin gajarta tafiya zuwa makaranta, na ga ramukan da ruwa ya zaga a jikinta, na ga kududdufin da ake cikewa da shara. Cikin tafiyar safiya ɗaya na sami abin rubutu fiye da wanda ke cikin waƙoƙin nan huɗu. H. L. B. Moody ya bi ganuwar da ƙofofinta ya fitar da littafi a kansu, Bawuro Barkindo kuma ya yi nazarin tarihin ƙofofin a 1983. Masu tarihi sun sauke nasu nauyin. Na masu adabi ne ya rage.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rubuce-rubucen ɗalibanmu a kan ganuwar Kano sun gaza ne ta fuskar gani, ba ta fuskar harshe ba. Sun mai da ita alama tun kafin su san ta a matsayin gini, alhali marubucin Tarihin Kano da suna da adadi da mutum ya kama ta. Shawarata ga marubutan biyar, da duk mai niyyar bin sawunsu, ita ce: idan hutu ya zo, wanda ya sami hali ya je Kano, ya fara da Gidan Makama inda aka ajiye wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin, sannan ya zaɓi ƙofa ɗaya ya wuni a gindinta, ya tambayi dattawan unguwar. Wanda bai sami hali ba, ya karanta labarin Wambai Giwa ya ga abin da zai iya yi da shi. Gani ya kori ji. Kowace damina tana tafiya da wani yanki na ganuwar, kuma akwai yiwuwar jikokinmu a takarda kawai za su same ta. In haka ta faru, ya kamata wadda za su samu a takardar ta zama ta Kano. Muna sa ran ganin gyararrun rubuce-rubucen a fitowa ta baɗi, in Allah ya kai mu.