Kiyasin Inshora a Kan Aƙila: Nazari a Kan Hujjar Shaihu Zarƙa

A cikin littafinsa Nizamut Ta'min, Shaihu Mustafa Zarƙa ya kafa hujja da tsarin aƙila domin halatta inshora. A fahimtarsa, tun da Shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi kisan, to rarraba nauyin asara a kan jama'a abu ne mai asali a Musulunci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ba ta karɓi wannan ra'ayi ba. Ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya.

A ganina, raunin wannan kiyasi ya fi bayyana ranar biya, ba ranar ƙulla yarjejeniya ba. Mu ɗauka lebura ya faɗo daga saman gini ya rasu. Kamfanin inshora na iya cewa sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan da aka biya wa, ko ubangidansa ya yi jinkirin zubi, ko ɗan kwangila ne ya ɗauke shi. Aƙila ba ta da irin waɗannan mafaka, domin Shari'a ce ta wajabta mata biya, ba sharuɗɗan da ɓangare ɗaya ya rubuta ba. Idan kisan kuskure ya tabbata, diyya ta tabbata, ana biyan ta cikin shekara uku.

Akwai bambanci na biyu. Diyya tana buƙatar wanda ya yi kisan ko ya zama sanadinsa, alhali Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ba ta sharɗanta laifin ubangida ba, kuma waɗanda mamacin yake ciyarwa take biya. Ita kuwa diyya gado ce. Sayyidina Umar (RA) ya janye ra'ayinsa na hana mace gadon diyyar mijinta bayan Dahhak bin Sufyan ya sanar da shi umarnin Annabi (SAW) game da matar Ashyam. Saboda haka wanda ya kira kowane kuɗin inshora diyya zai iya raba wa 'yan'uwa haƙƙin da aka keɓe wa marayu, wanda kuma ya kore sunan gaba ɗaya zai iya hana iyaye gadonsu.

Sai dai adalci ne a ce Zarƙa ya hango buƙata ta gaskiya: leburan birni ba shi da dangin da za su tsaya masa. Masu haramtawa kuma ba su kammala aiki ba, domin kamfanin takaful da ya kwafi waɗancan sharuɗɗa zai mayar da matar mamaci gida hannu rabbana kamar sauran. Wajibi ne mufti ya karanta takardar yarjejeniya, ya tantance asalin kuɗin, kafin ya yi hukunci ko rabo. Allah ne mafi sani.