Kiɗan Matthew Herbert: Kunne Ke Ji Ko Takarda Ke Faɗa?

A cikin makaɗan Ingila da suka taso daga gidajen rawa, da wuya a sami wanda ya kai Matthew Herbert jawo gardama. An haife shi a 1972, kuma wasan kwaikwayo ya karanta a Jami'ar Exeter, ba kiɗa ba. Abin da ya fito da shi fili shi ne yadda yake ɗaukar ƙarar abubuwan da ba wanda ya taɓa kiransu kayan kiɗa, ya yayyanka ta da na'ura, ya jera ta ta zama abin takawa.

Kafin mu shiga ayyukansa, ya kamata mai karatu ya san gidan da ya tarar. Kiɗan da ake kira hawus ya samo asali ne a birnin Shikago na Amurka a farkon shekarun 1980, kuma galibi ana danganta sunan da wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles ya riƙa juya fayafai tun daga 1977. Ƙashin bayansa bugu ne guda mai maimaituwa, kamar sau 120 zuwa 130 a minti ɗaya, wanda na'urorin ganga irin su Roland TR-909 ke fitarwa ba gajiya. Shi kuwa jaz ya dogara ga makaɗi mai rai, wanda kan kauce wa kari ya dawo yadda ya ga dama. Haɗa waɗannan biyu ba Herbert ya fara ba. Haka ma yin kiɗa da ƙarar duniya: tun a 1948 Pierre Schaeffer ya yi shi a Faris da ƙarar jiragen ƙasa. Abin da Herbert ya ƙara shi ne ya kai wannan dabara filin rawa, sannan ya ɗora mata doka.

Dokar ta fito a rubuce a shekara ta 2000, a matsayin yarjejeniya tsakaninsa da kansa. Ya haramta wa kansa na'urar ganga, da sautukan da kamfani ya riga ya cusa cikin na'ura, da gutsuro kiɗan wani ya liƙa a nasa, abin da kusan duk abokan sana'arsa suke rayuwa a kai. Ya kuma yarda cewa kuskuren da ya auku a wurin aiki yana da haƙƙin zama a cikin kiɗan. Ma'ana dai, duk amon da zai yi amfani da shi sai ya je ya samo da kansa.

A faifansa Around the House na 1998, injin wanki da buroshin haƙori da kayan kicin su ne makaɗa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki sosai ba, domin wanda ya san kiɗan ƙwarya da luguden mata a bakin turmi ya san kayan gida na iya magana. Amma a Bodily Functions na 2001 ne, a ganina, ya kai ƙololuwa. A nan jikin mutum ya zama ganga: gudun jini, ƙarar ƙashi da haƙora, har da ƙarar na'urar aikin ido. A kan wannan shimfiɗa aka ɗora fiyano irin na jaz da muryar Dani Siciliano, murya mai sanyi wadda ba ta ɗaga kanta. Waƙoƙin na soyayya ne da rabuwa, don haka amon jiki da maganar zuciya suka zama abu guda. Ko da ba a gaya maka daga ina sautin ya fito ba, za ka ji wani ɗumi da kusanci waɗanda ba a samu a ganga ta ƙarfe. Idan aka gaya maka, sai daɗin ya ƙaru. Waƙar dai tana tsaye da ƙafarta.

To, daga nan ne gardamata da shi ta fara. A 2005 ya fitar da Plat du Jour, faifai a kan siyasar abinci. Ya ɗauki ƙarar kaji 30,000 a gidan kiwo, ya sa mutane sama da 3,000 suka gatsi tuffa, ya kuma sa tankar yaƙi ta bi ta kan kwatankwacin abincin da Nigella Lawson ta taɓa dafa wa Tony Blair da George Bush. Ba shakka niyyar mai kyau ce, kuma fushin da ke ciki na gaskiya ne. Sai dai fa duk wannan bayani a takarda yake. Bayan na'ura ta niƙe ƙarar, kunne ba ya rarrabe kukan kaza da ƙarar murfin tukunya. Wanda ya ji faifan bai karanta bayanin ba, ƙwanƙwasa kawai ya ji, wani wurin ma mai gundura. Ashe ke nan zargin da Herbert yake wa kamfanonin abinci alƙalami ne ya ɗauke shi, kiɗan rakiya ya yi. Mu marubuta mun san irin wannan: littafin da sai an karanta doguwar gabatarwa kafin a gane abin da labarin ya so ya ce.

Za a iya ce mini ai sanin asalin abu wani ɓangare ne na jin daɗinsa, kamar yadda sanin wanda aka yi wa zambo ke ƙara wa waƙar fada armashi. Na yarda. Amma zambon Narambaɗa yana da zaƙi ko ga wanda bai san yariman da ake nufi ba, kuma wannan ma'aunin nake so a ɗora Herbert a kai.

One Pig na 2011 ya ɗan amsa wannan suka. Ya bi alade guda tun daga haihuwa har zuwa faranti, ban da yankan, wanda ba a ba shi damar ɗauka ba. Dabbar ba tamu ba ce, kuma ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta yi tir da aikin. Amma a nan ya bar gurnani da numfashi yadda suke, ana jin rai yana girma ana kuma jin shiru bayan ya tafi. Kunne ya sami rabonsa, ko da yake ƙafa ta rasa nata, don ba mai taka rawa da shi.

A 2018 kuwa sai ya fitar da The Music, wanda littafi ne, ba faifai ba. A ciki ya bayyana da kalmomi wani kiɗa da ba a ɗauka ba, sauti bayan sauti, ya bar wa mai karatu ya ji shi a kansa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin sabon ƙoƙari. Ni kuwa ina ganin hanyar da ya kama tun 2005 ce ta kai shi can, kuma cikin ayyukan nan biyar Bodily Functions kaɗai zan ba ɗalibi ya saurara ba tare da na miƙa masa takardar bayani ba.