Hunturu Maraya Ne a Adabinmu

Mai karatu zai yarda da ni cewa damina 'yar gata ce a wajen marubutanmu, ga ma Waƙar Damina ta Malam Na'ibi Sulaiman Wali shaida. Hunturu kuwa, in an tuna da shi, sai a ce hazo, a ce kaushi, a wuce.

Abin da ya sa na ta da maganar shi ne littafin wata Ba'amurkiya, Laura Ingalls Wilder, mai suna The Long Winter, na 1940. Labarin gidansu ne a garin De Smet, ƙasar Dakota, a sanyin 1880 zuwa 1881, sa'ad da ƙanƙara ta toshe hanyar jirgin ƙasa wata da watanni. A ganina, bayanin guguwar ƙanƙarar ya yi yawa har yana gundura. Ƙarfin littafin yana cikin lissafi: alkama nawa ta rage, wa zai niƙa ta da ɗan injin niƙa kofi, wa zai murɗa ciyawa a hura, tun da gawayi ya ƙare. Inda ya fi burge ni shi ne da samari biyu suka sai da rai suka samo alkama, mai kanti ya so ya tsuga kuɗi, mutanen gari suka taru a kansa.

To, mu a ƙasar Dutse ba mu da ƙanƙara, amma muna da irin wannan lissafi. Daga Disamba zuwa Janairu, in iska ta kaɗo ta tsakanin duwatsun Garu, magidanci a ƙauyukan Kiyawa ko Jahun karansa yake dubawa: a yi danni da shi, ko a ƙona a ji ɗumi? Tsohuwa ta kwana da garwashi a ɗaki, ga tsoron gobara, ga tarin jikoki. Almajirai su fita yayi da la'asar, domin wutar nan ita ce fitilar karatu, ita ce kuma bargo. Maƙwabciya ta aiko ɗiban wuta tun da asuba, ba a hana ta.

Duk wannan kayan labari ne, har da rigimar kasuwa, ga Shuwarin nan kusa. Amma mu 'yan ƙungiya, in muka ɗauki alƙalami, hunturu sai ya zama lokacin da saurayi ke sa rigar sanyi ya tafi zance.