Ɗan Bariki a Kan Farin Allo: Nazarin Mai Mashaya a Fina-finan Kaboyi

Masu shiga silima a Jos, ko a Rex ko a Kwararafa, sun daɗe da raba taurarin fim gida biyu: jarumi da bos. Wannan rabo ya wadatar a yawancin fina-finan kaboyi, amma akwai wani reshe nasu da ya ƙi shiga ma'aunin, wato waɗanda aka gina a kan mai mashaya da gidan caca a sabon gari. Maƙalar nan za ta dubi wannan tauraro, ta kuma nemo masa suna a Hausa.

A Dodge City da Destry Rides Again, duka na 1939, babu wata matsala. Mai mashaya azzalumi ne tsantsa, ƙarshensa kuwa halaka. Matsalar ta taso ne a Honky Tonk (1941), inda Clark Gable ya fito a matsayin Candy Johnson, macuci mai zaƙin baki. Da kuɗin da ya samu ta hanyar dabara ya buɗe mashayarsa a Yellow Creek, ya ba da gudummawar gina wurin ibada, ya auri ɗiyar alƙali, sannan ya mallake garin. Mai kallo ya san ɓarawo ne, amma bai fasa yi masa fatan nasara ba.

Silver River (1948) na Raoul Walsh ya fi zurfi, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwar Filato. Mike McComb, wanda Errol Flynn ya taka, bai taɓa riƙa diga ba. Teburin caca ya kafa kusa da ramukan azurfa, albashin leburori ya riƙa zubowa hannunsa, har masu ramukan suka rasa tsabar kuɗin biyan ma'aikata, dole suka ba shi kaso. Daga nan ya buɗe banki. Duk wanda ya san tarihin kuza ba ya bukatar tafinta a nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sansanonin haƙa na Bukuru da Barikin Ladi suka cika da baƙin da suka bar iyaye da sarakunansu a baya, kuma ranar biya akwai masu jira a bakin hanya: 'yan caca, da masu burkutu, da gidan magajiya.

Saboda haka a ganina kalmar da ta dace da wannan tauraro ita ce ɗan bariki. Tantiri ta yi nauyi, don ba ta bar gurbin fara'a da kyauta ba. Ɗan iska kuwa ta yi arha ga mutumin da ke naɗa hukumar gari ya kuma tuɓe ta. Ɗan bariki ita ce ta haɗa wayewa da rashin kunya, yabo da zagi a cikin numfashi guda. Adabinmu ma ya san ɗan'uwansa, domin Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da damfara ya ratsa garuruwa, mai karatu na biye da shi yana dariya.

Inda fina-finan suka yi rauni shi ne wajen rufewa. Dokar tace fina-finai da Holiwud ta tsananta daga 1934 ba ta yarda mai laifi ya ci riba ba, don haka sai a ɗora wa tauraron tuba a mintocin ƙarshe. McComb, wanda ya bar mijin matar da yake so ya tafi inda ya san za a kashe shi, shi ne kuma aka nuna yana jagorantar talakawa. Ba a shimfiɗa wa wannan juyi komai ba a cikin zubin labarin. Tubar Candy Johnson ta fi karɓuwa, domin ko a lokacin da ya kori abokan ɓarnarsa daga garin, da ƙarya ya kore su.