Sharhi a kan Shaidar Oct4 a Binciken Ƙwayoyin Asali

Manufarmu a wannan takarda ita ce duba ƙarfin wata shaida da masana suka daɗe suna kafa hujja da ita. A shekarar 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto ya nuna cewa furotin huɗu, watau Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, suna iya mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar asali, wadda za ta iya rikiɗa ta zama jini ko hanta ko jijiya. Tun kafin wannan aiki, Oct4 ya riga ya zama tambarin da ake gane irin wannan ƙwaya da shi.

Ido ba ya ganin furotin, sai an aika masa ɗan-kama. Akan yi wa zomo ko akuya allurar gutsuren furotin ɗin, a ɗebi sinadarin garkuwar da jininta ya ƙera, a haɗa shi da rini, a zuba a kan ƙwayoyin. Inda launi ya kama, a ce ga Oct4 nan. Da wannan hanya ce aka rubuta takardu masu yawa da ke cewa an ga Oct4 a ɓargo da jini da fatar baligi.

A nan ne gizo yake saƙa. Oct4 na ɗan'adam iri-iri ne. OCT4A yana zaune a cikin cibiyar ƙwaya, shi ne mai riƙe da ikon rikiɗa. OCT4B kuwa yawanci a wajen cibiya yake, ba shi da wannan iko. To amma gindinsu ɗaya ne, kansu ne ya bambanta. Sinadarin da aka ƙera don kama gindi zai kama kowanne, mai bincike ya ga launi ya yi murna, alhali kama da wane ba ta wane. Abin takaici, da yawa daga cikin marubutan ba su ma faɗi wane ɓangare sinadarinsu yake kamawa ba. A 2007 Lengner da abokan aikinsa a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch suka cire Oct4 daga hanji da ɓargo da fata da hantar ɓeraye manya, gaɓoɓin suka ci gaba da sabunta kansu kamar ba a taɓa su ba. A ganinmu wannan gwaji guda ya rinjayi tarin hotuna masu launi.

Wani zai ce ina ruwan mutumin 'Yankara, a ƙasar Faskari, da wannan gardama? Ruwansa shi ne ciwon sikila. Dashen da aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 da ƙwayoyin ɓargo aka yi shi, masu haifar da jini kaɗai, kuma sai an sami mai bayarwa wanda jikinsa ya dace, galibi ɗan'uwa shaƙiƙi. Ba ruwansa da Oct4. Amma sunan ƙwayar asali ya riga bayaninsa isowa kasuwa, har ana tallar gari a leda da sunan, ana ce wa iyaye yana sabunta jini. Malamin da ya koyar da ɗalibansa cewa launi a kan gilashi ya isa shaida, ba shi da bakin musa wa mai ledar.

Don haka duk ɗalibin da ya kawo mana hoton Oct4, sai mu tambaye shi kamfanin da ya yi sinadarin da lambarsa, da inda launin ya zauna a cikin ƙwaya, da abin da ya gani da ya zuba shi a kan ƙwayar da aka tabbatar ba ta da furotin ɗin.